Kufan Ƙofar Yumen Ta Ƙasar Sin: Ziyara Da Nazari

Gabatarwa

Wurin da mutane suka zauna sa'an nan suka tashi suka bar shi, shi Bahaushe ke kira kufai. A al'adarmu kuwa kufai ba wurin zuwa kallo ba ne. Ratse masa akan yi, musamman da tsakar rana ko da almuru, domin an ɗauka in mutane sun tashi akwai masu gadon wurin waɗanda ido ba ya gani. Wataƙila wannan na cikin dalilan da suka sa ɗalibi kan gama karatunsa na Hausa yana iya kawo kirarin Kanta, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka Surame ba. Ni ma ban kuɓuta daga wannan zargi ba. Kufan farko da na taɓa biyan kuɗin mota musamman don in je in gani ba a ƙasar Hausa yake ba, yana can lardin Gansu ne, a arewa maso yammacin ƙasar Sin, a bakin hamada. Sunansa Ƙofar Yumen.

Manufar wannan maƙala ita ce in bayyana wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai abin da na gani a wurin, in haɗa shi da abin da masana suka tono. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, ginin da jama'a ke tururuwar zuwa gani shi ya fi kome ƙarancin bayani. Labarin wurin a juji aka same shi. Duk inda aka ga K.M. a cikin maƙalar ana nufin kafin Miladiyya.

Abin Da Ya Sa Aka Kafa Ƙofar

A ƙarni na biyu K.M. daular Han ce ke mulkin ƙasar Sin, babban birninta kuwa Chang'an, kusa da inda garin Xi'an yake a yau. Arewa da ita akwai wata al'umma da ake kira Xiongnu, makiyaya ne mahaya dawaki, ba su da birni balle a je a kewaye su. Sai su kawo hari, su kwashi hatsi da mutane, kafin a yi shirin fita sun ɓace. Sarakunan Han na farko lallashi suka yi ta yi, suna aika musu da siliki da hatsi kowace shekara, har da 'yan mata na gidan sarauta don a ƙulla surukuta.

Sarki Wu, wanda ya yi mulki daga 141 zuwa 87 K.M., shi ya ƙi wannan hanya. Wajen 138 K.M. ya aiki wani bafadensa, Zhang Qian, yamma don ya nemo abokan taron dangi a kan Xiongnu. Suka kama manzon a hanya, ya yi kamar shekara goma a hannunsu. Da ya komo a 126 K.M. bai zo da alkawarin kowa ba, amma ya zo da labarin birane da kasuwanni da dawaki na ƙasashen da Sinawa ba su san da su ba. A 121 K.M. wani jarumi mai suna Huo Qubing, wanda shekarunsa ba su wuce ashirin ba, ya kori Xiongnu daga zirin ƙasar da ake kira Hexi. Zirin nan ya kusa kilomita 1,000 a tsawo, duwatsun Qilian masu ƙanƙara na kudu da shi, hamada na arewa. Aka kafa gundumomi huɗu a cikinsa, ta can ƙarshen yamma ita ce Dunhuang. Bayan Dunhuang aka sa mashiga biyu masu tsaro: Yang ta kudu maso yamma, Yumen ta arewa maso yamma.

Kalmar "men" a Sinanci tana nufin ƙofa. "Yu" kuwa wani dutse ne mai santsi, fari ko kore-kore, wanda Sinawa suka ɗaukaka fiye da zinariya, mafi kyawunsa daga kogunan Khotan ake kawo shi, can yamma. Wato dai sunan ƙofar daga abin da ke shigowa aka ɗauko shi. Sunan "Hanyar Siliki" da muka saba ji, wani Bajamushe masanin labarin ƙasa, Ferdinand von Richthofen, shi ya yaɗa shi daga 1877. Babu falken da ya taɓa bin hanyar a zamaninta da ya san ta da wannan suna.

Isa Wurin

Daga Dunhuang zuwa kufan kimanin kilomita 90 ne. Da an fita daga gonakin inabi da na auduga da ke kewaye da garin, sai kore ya yanke tsaf kamar an sa wuƙa. Daga nan fako ne shimfiɗe iyakar ganin ido, an yayyafa masa baƙar tsakuwa, ba bishiya, ba tsuntsu, ba ko garken awaki. Wanda ya ɗauka kowace hamada rairayi ce zai sha mamaki. Na yi ta leƙe ta tagar mota ina jiran in hango soraye da manyan katangu, don abin da sunan wurin ya sa mini a rai ke nan.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, amma ba su ce kullum abin da aka gani ya kai wanda aka ji ba. Abin da na tarar ɗan gini ne na jar ƙasa mai kusurwa huɗu, tsaye shi kaɗai a kan tudu. Daga gabas zuwa yamma bai cika mita 25 ba, daga kudu zuwa arewa ya ɗan haura 26, tsayinsa kusan mita 10. Filin ƙwallon ƙafa ya ninka shi fiye da sau goma. Ba rufi, ba ɗaki, ba rubutu a jikinsa. Yana da kafa biyu na shiga, ɗaya a bangon yamma, ɗaya a na arewa, zaizayar iska ta cinye bakinsu har sun koma kamar bakin kogo. Mutanen yankin ma ba su yi masa kara ba, sunan da suke kiransa da shi, Xiaofangpan, ma'anarsa ƙaramin faranti mai kusurwa huɗu. Cikin minti biyar na zagaye shi. Ba zan ɓoye ba, sai da na tuna kuɗin motata.

Abin da ya fara sanyaya mini rai shi ne kaurin bangon, wanda ya haura mita 4 daga ƙasa, da kuma yadda aka yi shi. Ba tubali aka jera aka yaɓe ba kamar yadda maginanmu ke yi. Katako akan kafa gefe biyu, a zuba ƙasa a tsakani, a yi ta kirɓa ta da taɓare har ta yi tauri, sa'an nan a ɗaga katakon a sake zuba wata. Saboda haka in ka matsa kusa sai ka ga bangon hawa-hawa ne, kowane hawa shaidar zubi ɗaya da kirɓi ɗaya. Daga arewa da tudun kuma ƙasa ta gangara zuwa wata fadama mai dogon kara, ta kwarin kogin Shule. Da na ga fadamar nan sai na gane abin da ya sa aka zaɓi wurin. A irin wannan ƙasa ayari ba ya bin inda ya ga dama, inda ruwa yake nan zai bi, wanda kuwa ya tsare ruwa ya tsare hanya.

A nan akwai matsalar fassara da ta shafe mu. In muka ce "ƙofa", Bahaushe zai kawo Ƙofar Mata ko Ƙofar Na'isa a ransa, wato mashiga a jikin ganuwar da ta kewaye birni. To, Yumen ba ta kewaye kowane birni ba. Kalmar "ribaɗi" ta fi kusa, irin waɗanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a bakin iyaka, kamar Wurno inda ya rasu a 1837. Daular Han ma ta zaunar da mutane a iyaka suna noma suna tsaro. Amma ribaɗi gari ne da kansa, Yumen kuwa ofis ce a tsakiyar wani dogon layi na bango da hasumiyoyi. In za a bi aikinta, rabinta barikin soja ce, rabinta shingen kwastan. Na bar ta a "ƙofa" don haka masu ita suka kira ta, amma a riƙe wannan bambanci.

Bango Da Rumbu

Motar hukumar wurin kan kai baƙi wasu wurare biyu. Na farko yana kamar kilomita 5 yamma, inda wani yanki na ganuwar zamanin Han ya saura. Wanda ya saba ganin hoton Babbar Ganuwa ta kusa da Beijing, mai duwatsu da tubalin da aka gasa, ya sani waccan aikin daular Ming ce, wadda wannan ta girme ta da shekara wajen 1,500. Wannan da kara aka gina ta. A shimfiɗa karan fadama ko rassan wata 'yar bishiyar hamada, a zuba tsakuwa da ƙasa a kai, a danne, a sake shimfiɗa wani karan. Iska ta kwashe ƙasar da ke baki-baki, ta bar karan ya fito jere-jere kamar gefen tsohuwar tabarma. Inda ta fi tsayi ba ta cika mita 3 ba.

Mai karatu zai tambaya, yaya kara zai shekara dubu biyu bai ruɓe ba, alhali dannin gidanmu damina biyu ba ya kaiwa? Amsa ita ce ruwan sama. Abin da ke sauka a Dunhuang a shekara ɗungum kamar milimita 40 ne, wato abin da hadari ɗaya mai ƙarfi kan zubar a Kano cikin watan Agusta. Ga kuma gishirin da ke cikin ƙasar ya shiga karan ya sandarar da shi. Kusa da wata hasumiya a nan har yanzu ga tarin karan da sojoji suka jibge don kunna wutar gargaɗi, ya daskare ya zama kamar dutse. An tara shi don wata rana, ranar ba ta zo ba, ko kuwa ta zo ba wanda ya saura da zai kunna.

Irin wannan bango ba zai tsai da runduna ba, kuma ba don haka aka yi shi ba. Zai dai hana mahayi tsallakewa a guje, ya hana ɓarawo koro garke cikin dare, ya tilasta wa kowa ya bi ta inda ake ganinsa.

Wuri na biyu yana gabas, ya ɗan haura kilomita 10, a cikin wani kwari inda ba a hango shi sai an zo daf. Ana kiransa Hecang, ko Dafangpan, wato babban faranti. Tsawonsa mita 132, faɗinsa 17, an raba shi ɗaki uku, a jikin bangon akwai ƙananan kafofi masu kusurwa uku don iska ta ratsa. Rumbun hatsin sojoji ne. Abin lura shi ne rumbu ya fi ofishin kwamanda girma nesa ba kusa ba, kuma shi aka ɓoye.

Abin Da Juji Ya Faɗa

A farkon 1907 wani mai binciken kayan tarihi, Aurel Stein, haifaffen Hangare mai aiki ƙarƙashin mulkin Ingila a Indiya, ya bi layin nan hasumiya bayan hasumiya yana ba kowace lamba. Ya lura cewa kusa da kowace akwai juji, inda masu gadi ke zubar da toka da kashin dawaki da tsummoki. Da ya sa aka tona sai ga 'yan siraran alluna na katako da rubutun tawada a jikinsu, raɗau kamar jiya aka yi. Tsawon kowane kimanin taƙi ɗaya ne, wato santimita 23, faɗinsa bai fi na yatsa ba. In rubutu mai tsawo ne sai a jera su a ɗaure da igiya kamar asabari, a naɗe. In an yi kuskure ba wankewa ake yi ba irin na allonmu, da wuƙa ake fere wurin, har ma an sami ferarrun da rubutu a kansu. Mafi tsufa mai kwanan wata a cikin waɗanda ya samu na shekarar 98 K.M. ne.

Stein ya kwashe su zuwa Landan, kamar yadda a wannan shekara ya kwashi dubban littattafai daga kogunan Mogao na Dunhuang. Wani Bafaranshe, Édouard Chavannes, ya buga kimanin 700 daga cikinsu da fassara a 1913. Manyan malaman Sin biyu, Luo Zhenyu da Wang Guowei, da hotunan da Chavannes ya aika musu suka yi nasu nazarin, wanda ya fito a 1914. Wato sai da Bature ya ga dama sa'an nan suka karanta rubutun kakanninsu. Wannan ciwo ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa neman wani tsohon rubutu na ƙasarmu aka ce masa yana Landan ko Faris. Masu kare Stein sukan ce da bai ɗauka ba da sun lalace. A game da allunan nan dai hujjar ba ta da ƙarfi, tun da sun yi shekara dubu biyu a jujinsu lafiya lau.

Bayansa an ci gaba da samu. A 1979 an tono fiye da 1,200 a Maquanwan, yamma kaɗan da kufan. Daga 1990 zuwa 1992 an sami kimanin 23,000 a Xuanquan, wani zangon 'yan aike da ke gabas da Dunhuang. Akwai kuma Juyan, wani reshe na wannan layin tsaro da ke ɗaruruwan kilomita arewa maso gabas, inda aka sami wajen 10,000 a 1930, da wasu kamar 20,000 a shekarun 1970. Da yake doka ɗaya da tsari ɗaya ake bi a duk layin, masana kan cike giɓin wani wuri da abin da aka samu a wani, ni ma haka zan yi a nan.

Daga allunan muka san cewa kowace hasumiya tana da shugaba ɗaya da sojoji kamar uku ko huɗu. Hasumiyoyi da yawa suna ƙarƙashin wani jami'i, shi kuma yana ƙarƙashin wani, har a kai ga kwamanda. Sojojin kuwa yawancinsu manoma ne da aka ɗebo bisa tilas daga gundumomin tsakiyar ƙasa, aka rubuta sunan kowa da ƙauyensu da shekarunsa. Yaƙi shi ne mafi ƙarancin abin da suke yi. Aikinsu na kullum shi ne yankan kara da ciyawar dawaki, yaɓen bango, kai wasiƙa daga wannan hasumiya zuwa waccan, da yin tubali, wanda a wasu allunan an ƙayyade wa kowane mutum 150 a yini. Kowane wata akan auna wa soja hatsinsa, galibi wani irin gero mai ƙananan ƙwayoyi, da gishiri. In yana da iyali a wurin, matarsa da 'ya'yansa kowa da mudunsa gwargwadon shekaru, kuma duk a rubuce.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce wadda suke kira "gonar sama". A bayan bango akan share wani ziri, a baje masa rairayi mai laushi, a daidaita. Kowace safiya sai soja ya bi shi da ƙafa yana duba ko akwai sawun mutum ko na doki, ya dawo a rubuta: wane ya duba daga wuri kaza zuwa wuri kaza, ba a ga sawu ba. A ƙarshen wata a tara lissafin kwanakin a aika sama. Bin sawu sananne ne ga maharbanmu, amma mai da shi aikin ofis, da rajista da sa hannu, wannan wani abu ne daban.

Haka kuma gargaɗin hari yana da ƙa'ida. Da rana akan ɗaga wani abu mai kama da kwando a kan doguwar sanda, ko tuta, ko a ta da hayaƙi. Da dare akan ɗaga damin kara mai ci da wuta. Ga kuma babban tarin nan da na ambata, wanda hayaƙinsa ke aiki da rana, harshen wutarsa da dare. Yawan alamun da za a nuna ya danganta da yawan abokan gaba, da ko suna waje ne ko sun riga sun shigo. Hasumiyar da ta gani sai ta maimaita wa ta gaba. A Juyan an sami cikakkiyar dokar a kan alluna 17 a 1974, har ta faɗi abin da za a yi in iska ko ruwa ya hana wuta kamawa, wato a tura mai gudu ko mahayi da takarda, da abin da za a yi in an kunna bisa kuskure. A ganina wannan harshe ne sosai, mai 'yan kalmomi kaɗan da nahawunsa, kuma ɗalibin da ya taɓa nazarin saƙon tambari ko na kuge zai ga inda suka yi kama.

Sa'an nan ga rahotannin masu zagayen duba aiki, waɗanda ba sa barin kome: tsirkiyar baka ta tsinke, kibau kaza sun rasa kai, bango bai sha yaɓe ba, tarin kara bai kai ƙa'ida ba, karen gadi babu. Makaminsu babba shi ne baka mai kunama irin ta bindiga, kuma kowanne an rubuta ƙarfinsa. A cikin jujin har ila yau an sami kalandu, da jadawalin sau, da girke-girken magani na mutum da na doki, da gutsattsarin littattafan koyon rubutu, inda wani ya yi ta maimaita harafi ɗaya har allo ya cika. Ana iya ɗauka cewa wani ɗan ƙauye ne ya ga ba a samun ƙarin girma a wannan aiki sai da alƙalami, ya duƙufa.

Shiga Da Fita

Ba a ratsa irin wannan ƙofa sai da izini. Akwai wani ɗan katako da akan rubuta a tsaga biyu, rabi a ofis, rabi a ƙofa, sai sun haɗu daidai a bar mutum ya wuce. Matafiyi na nesa kuwa takardar shaida yake riƙewa. A rajistar wata ƙofa ta yankin Juyan akan rubuta sunan mai wucewa, da garinsu, da shekarunsa, da tsayinsa, da launin fatarsa, da keken shanunsa, da launin dokinsa, da takobin da ya rataya. Fitar da dawaki da makamai kuwa akwai doka mai tsanani a kai. Daga nan za a gane cewa idon masu gadi ba waje kaɗai yake kallo ba. Bawan da ya gudu, da mai laifi, da sojan da ya gaji, duk sawunsu na iya fitowa a gonar sama, yana fuskantar waje.

Ƙofar takan rufe wa nata ma. A 104 K.M. Sarki Wu ya tura Li Guangli da runduna zuwa Fargana don ya ƙwato dawakin ƙasar. Yunwa da ƙishirwa suka cinye rundunar, ɗaya ko biyu cikin goma suka juyo. Da sarki ya ji sai ya aika a tsare Yumen, duk sojan da ya shigo a sare shi. Ganin Dala ba shiga birni ba. Marubucin tarihi Sima Qian, wanda ya yi zamani da abin, ya ce sai Li Guangli ya zauna a Dunhuang. Wannan 'yar magana ta ta da gardama mai tsawo. In an hana shi shiga ƙofa amma ya zauna a Dunhuang, ashe ke nan a lokacin ƙofar tana gabas da garin, ba yamma inda na je ba. Chavannes da Wang Guowei sun tafi a kan cewa daga baya aka matsar da ita yamma. Wasu malaman Sin, irin su Xia Nai, wanda a 1944 ya tono alluna masu ɗauke da sunan kwamandan Yumen a gefen kufan, sun ƙi yarda. Bayan tonon 1979 kuma wasu suka ce ginin nan ofishin kwamanda ne kawai, ainihin mashigar tana ɗan yamma da shi. Allon da aka kafa wa baƙi dai ya ce nan ce ƙofar, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya.

Ga ɗalibin adabi akwai wani abin da ya fi wannan. Tun zamanin Han sunan Yumen ya fara zama alamar iyakar gida. Ban Chao, wanda ya yi kusan shekara 30 yana riƙe wa daular ƙasashen yamma, da tsufa ya kama shi abin da ya roƙi sarki shi ne a bar shi ya shigo ta ƙofar nan da ransa. Ya iso Luoyang, babban birnin lokacin, a shekarar 102 Miladiyya, bayan wata ɗaya ya mutu. Mawaƙan daular Tang suka ɗauki sunan suka yi ta sa shi a waƙoƙin kewa da begen gida, mafi shahara ita ce ta Wang Zhihuan, wanda ya rayu daga 688 zuwa 742, wadda yaran makaranta ke haddacewa har yau. Na ji baƙi suna rera ta a gaban kufan suna ɗaukar hoto. Amma fa a zamanin Tang an riga an mai da ƙofar gabas, kusa da Guazhou, domin hanya ta canja. Can ne malamin addinin Buddha, Xuanzang, ya zagaye ta cikin dare wajen 629, a kan hanyarsa ta zuwa Indiya ba da izini ba. Wato lokacin da ake waƙar, ginin da ake rera ta a gabansa yau ya riga ya zama kufai. Ya kamata mu tuna da haka in muna neman wuraren da mawaƙanmu suka ambata, domin suna kan tashi ya bar wuri kamar yadda mutane ke yi.

Jakar Da Ba Ta Isa Ba

A wata hasumiya da ke yamma da kufan Stein ya sami wani abu dabam: wasiƙu a kan takarda, a nannaɗe, biyar daga cikinsu kusan cikakku. Ba da Sinanci aka rubuta su ba, da harshen Sogdiyawa ne, fataken yankin Samarƙandi, waɗanda suka bazu a biranen Sin suna cinikin azurfa da miski da barkono da tufafi, kowane gari da zangonsu da shugabansu. A 1948 W. B. Henning ya nuna cewa an rubuta su wajen shekarar 313 Miladiyya, domin a ɗaya daga ciki wani falke mai suna Nanai-vandak yana ba abokan cinikinsa na Samarƙandi labarin yunwa, da gudun sarki, da ƙone birnin Luoyang, abin da ya faru a 311. Daular Han ta faɗi tun 220, amma ayari bai daina bin ruwa ba.

Biyu daga cikin wasiƙun wata mace ce ta aiko su, sunanta Miwnay. Mijinta Nanai-dhat ya kawo ta Dunhuang da 'yarsu Shayn, ya tafi ya bar su, shekara uku ba labari. Ɗaya ta rubuta wa uwarta Chatis, tana faɗa mata yadda ta bi manyan zangon ɗaya bayan ɗaya tana neman wanda zai mai da ita gida, kowa na tura ta wurin wani. Ɗayar ta mijin ce. Ta fara da gaisuwa ta ladabi irin wadda al'adarsu ta tanada, sa'an nan ta tuna masa cewa ta ƙi jin maganar uwarta da 'yan'uwanta ta biyo shi, ta rufe da cewa da ta auri kare ko alade da ya fi mata. A ƙasan wasiƙar 'yar ta ƙara nata, cewa ita da uwarta sun zama barorin Sinawa saboda bashin wani.

Wasu masana na ganin masu gadi ne suka ƙwace jakar, wasu na ganin ɗan aiken ne ya yar da ita. Ko ma wanne ne, wasiƙun Miwnay ba su yi tafiyar da ta wuce kilomita 90 daga Dunhuang ba suka tsaya, suka kwana a wurin shekara kusan 1,600. Hans Reichelt ne ya fara buga su da fassarar Jamusanci a 1931. Yanzu suna Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya a Landan.